Mega Man gida bakwai ne, kuma Zero ba ya yafe maki

Duk wanda ya ce maka ya iya Mega Man, ka tambaye shi wanne. Wasan bidiyo ne, kuma tun 1987 da kamfanin Capcom ya fitar da na farko a kan na'urar wasa ta Famicom, sunan ya rabu gida bakwai: na asali, X, Legends, Battle Network, Zero, ZX da Star Force. Na bi su ɗaya bayan ɗaya a nan Samaru, galibi a kan laptop da pad ɗin da na sayo a kasuwar Sabon Gari, kuma har yau abin da Zero 2 ya yi mini yana cina.

Na asalin ba sai an daɗe a kansa ba. Ka kayar da oga, wato babban abokin gaban da ke ƙarshen fili, ka ɗauki makaminsa, ka je ka kayar da wanda makamin ke ci. Ogogi shida ne a na farko, takwas daga na biyu. Sulɓi ya shigo a Mega Man 3 a 1990, cajin bindiga a na 4 a 1991, sai na 9 na 2008 ya ƙwace su duka biyun, don haka kada ka ɗauka pad ɗinka ne ya lalace.

X, wanda ya fito a ƙarshen 1993 a kan Super Famicom, shi ke ɓata mutum. Akwai zabura, akwai hawan bango, sannan wasan na biyanka ladan tonon kowane lungu: tankunan zuciya 8 masu ƙara tsawon rai, Sub Tank 4 masu ajiye ran ko-ta-kwana, da sassan sulke 4 a akwatunan Dakta Light, wanda ya ƙera X. Ka fara da oga Chill Penguin, domin takalman zabura suna kan hanyarsa, ba yadda za ka wuce su. Ƙanƙararsa na daskarar da Spark Mandrill, lantarkin Mandrill na ɓalle sulken Armored Armadillo, haka dai har zagaye ya rufe. Kayar da Penguin ma yana daskarar da narkakken ƙarfen filin Flame Mammoth, sai ka taka inda da ba ya takuwa. Kafin ka kai X4 na 1997 hannunka ya riga ya saba da doka guda, wato duk abin da aka ajiye maka, ɗauka ka yi amfani da shi.

Da wannan sabon na shiga Zero. Kamfanin Inti Creates ne ya yi shi wa Game Boy Advance, guda huɗu daga 2002 zuwa 2005. A ido kamar X ne: zabura, bango, takobi. A ciki akwai wasu 'yan aljanu da ake kira Cyber-elf. Kana tsintar su, ka ciyar da manyan da E-Crystal, kiristal ɗin da ake tarawa a wasan, su ƙara maka tsawon rai ko su rufe ƙayoyin da ke kashe ka nan take. Wanda ya fito daga X zai ɗauke su tamkar tankin zuciya. Ni ma haka na ɗauke su, na tara kiristal, na ciyar, na kunna masu ƙara rai tun a farkon Zero 2.

Abin da wasan bai tsaya ya faɗa maka da babbar murya ba shi ne, kowane aiki ana ba ka maki bisa 100: cika aikin 20, sauri 20, abokan gaban da ka kashe 15, ƙarancin dukan da ka sha 15, rashin mutuwa 15, rashin taɓa 'yan aljanu 15. Daraja ta A tana farawa daga 86, ta S daga 96, kuma ba aiki ɗaya ake dubawa ba, matsakaicin makinka ne. Aljanin da tasirinsa ke dawwama, yankan makinsa ma dawwama yake yi, yana bin ka aiki bayan aiki. A Zero 2 kuwa, dabarun ogogi da ake kira EX Skill sai wanda ya shiga faɗan yana kan A ko S ake ba. Na kayar da Phoenix Magnion da kyar, ina jiran saran wutar nan mai tashi sama, sai allon maki ya wuce shiru. Ka koma filin daga baya, ogan ba ya nan. A wannan zagayen dabarar ta wuce ka ke nan.

Lissafin ma kaɗai ya isa. In makin aljanu 15 ya tafi gaba ɗaya, ko ka yi komai ba kuskure, 85 za ka samu, maki ɗaya ƙasa da A. Wanda ya tsara wannan ya san abin da yake yi, kamar mai awon da ya ɗan lotsa gindin mudu.

Da za a sake, ga yadda ya kamata. Ka bar 'yan aljanu a jaka, ka koyi ogan da hannu. Cajin takobi ya fi sara uku a jere aminci a kan oga, domin kana duka ka ja baya. Ka riƙe zagayen sinadarai uku da ogogin da suke ci: wuta na cin ƙanƙara, shi ya sa take kayar da Leviathan, ƙanƙara na cin lantarki, maganin Harpuia ke nan, lantarki na cin wuta, a nan Fefnir ke durƙusawa. Makamai a Zero 1 da 2 sai da amfani suke girma, saboda haka ka tsaya wurin ƙananan abokan gaba ka sari rabonka har takobi ya buɗe caji. Kuma kafin ka kunna kowane aljani, ka yi sebin a wani gurbi dabam. Wannan kaɗai da ya cece ni.

Zero 3 ya sassauta, ya ba ka damar rataya aljanu biyu a matsayin Satellite ba tare da yankan maki ba. Zero 4 ya canja hanya, dabarar oga sai ka shiga filinsa a yanayin da ya fi masa daɗi. Tarin Zero da ZX na 2020 yana da Save-Assist, wanda ke maido ka wuri mafi kusa ba tare da cin rai ba. Ga wanda wuta ke ɗaukewa yana tsakiyar aiki, batirin laptop kuma ya tsufa, ba abin kunya ba ne. Casual Scenario kuwa ban ba da shawararsa ba, yana ba ka ƙarfi tun farko har ka gama ba ka koyi komai ba.

ZX na 2006 a kan DS yana da irin wannan tarkon, amma mai sauƙi. Inda ogan ya fi jin duka nan ne Biometal ɗin da kake nema yake, wato abin da ke ba ka sabuwar siffa da makamai. Ka yawaita dukan wurin, ka karɓe shi a lalace, sai ka biya kiristal a gyara. Aƙalla shi ana gyarawa da kuɗi, ba kamar Zero 2 ba. Taswirarsa ce dai abin takaici, za ka ɓata lokaci kana neman ƙofar da aka tura ka.

Battle Network na 2001 wata duniya ce, ba tsalle ba bango. Fili ne mai gida 18, tara naka tara na abokin gaba, da jaka mai katuna 30, ana miƙo maka biyar a kowane zagaye. Ba ka iya ɗaukar fiye da ɗaya sai in sunansu ɗaya ko harafinsu ɗaya. Jakar da ta cika da manyan katuna masu haruffa barkatai tana shan kashi a hannun matsakaiciya mai harafi ɗaya ko biyu. Star Force ya juya kyamara bayan ɗan wasa ya bar maka gida uku kacal, hagu da dama. Legends na 1997 a kan PlayStation, mai tonon kufai da jirgin iyalan Bonne, na fi son labarinsa a kan sarrafa shi, kuma ka sani na biyun ya tsaya a tsakiyar zance, na ukun an soke shi a 2011.

Wani ƙanena a Tudun Wada ya tambaye ni ta ina zai fara. Na ce X na farko, sai X4, sai Mega Man 11 in yana son na zamani. In ya kai Zero, ya fara da na 3, ya saba da allon makin a inda ake yi masa rangwame, sannan ya dawo na 2 da jakar aljanunsa a rufe.