Ni Na Riƙe Asusun Tafiya

Ranar Asabar ɗan yayata ya shigo mini da abokansa uku, kowa da jakar goyo sabuwa fil, wai sun zo in sa musu albarka. Bakin tekun Gana za su bi, daga Akra su nausa yamma har Axim, mako biyu, da kuɗin da ni a ganina ba zai kai su kwana tara ba. Ya miƙo mini waya ya ce, "Kawu, duba lissafinmu, ai an ce kai ma ka taɓa yi." Na duba. Kuɗin mota, kuɗin abinci, kuɗin kwana, kuɗin data. Data har layi biyu ta ci. Ban ga layin rashin lafiya ba. Sai ya ƙara da cewa, yana murmushi kamar wanda aka naɗa sarauta, shi suka zaɓa ya riƙe kuɗin kowa.

Nan gabana ya faɗi, domin ni ma ni aka zaɓa.

Mu huɗu ne, a watan Yuli na 2007, kwana goma sha shida muka tsara. Muka zuba kuɗinmu wuri guda aka danƙa mini, saboda a cewarsu na iya lissafi. Gaskiyar magana maƙo ne da ni, suka yi mini kara suka ba shi wani suna. Na naɗe kuɗin a leda na cusa cikin safa, na sayi ƙaramin littafi ina rubuta ko ruwan leda aka sha.

A watan ne Gana ta sauya kuɗinta. Tsohon sidi 10,000 ya koma sabon sidi ɗaya, an yanke sifili huɗu, kuma tsoho da sabo suna yawo tare a kasuwa har ƙarshen shekarar. Mutane suna karɓar sabon kuɗi amma bakinsu bai bar tsohon lissafi ba. Washegarin isarmu na ɗauki tasi ni kaɗai zuwa tashar Kaneshie, inda ake hawa motocin yamma, don in ji kuɗin mota. Da zan sauka direba ya ce dubu hamsin. Na yi lissafi a kaina, na yanke sifili uku maimakon huɗu, na zaro takardar sidi 50 sabuwa dal na miƙa masa. Sidi biyar ne kuɗinsa. Ya dubi takardar, ya dube ni, ya ja motarsa. A lokacin sabon sidi ya ɗan ɗara dalar Amurka, ka ga kuwa ba ƙaramin rami na haƙa ba. Abincinmu da kwananmu na kusan kwana uku ne ya tafi a minti ɗaya.

Ban faɗa musu ba. Wannan shi ne laifin, sauran duk 'ya'yansa ne. Ni da aka zaɓa don iya lissafi, in koma in ce sifili ya kayar da ni tun ba a bar Akra ba? Na rubuta sidi biyar a littafi, na ce a raina zan cike ramin kaɗan-kaɗan a hanya, ba mai sani. Har yau idan na zauna ina ganin niyyata ba mummuna ba ce. Ban ci ko kwabonsu ba. Tsimi na yi niyya, kuma ai tafiyar tsimi muka fito.

To daga ina ake cike rami? Winneba muka wuce ta tagar tiro-tiro, ƙaramar bas ɗin haya ta can, na ce ba abin gani. A Cape Coast muka biya muka shiga tsohon gidan bayi, aka sauka da mu kurkukun ƙarƙashin ƙasa inda ake tara mutane kafin a fitar da su ta ƙofar da ba a dawowa, mai yi mana jagora ya kashe fitila na ɗan lokaci, ba wanda ya yi tari. Muka fito ba mai magana. Da muka isa Elmina, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba, ƙaramin cikinmu ya ce mu shiga na nan ma, shi ne wanda Turawan Fotugal suka gina a 1482, 'yan Holan suka ƙwace a 1637, ya fi na Cape Coast tsufa nesa ba kusa ba. Na ce gidan bayi ai gidan bayi ne, wanda ya ga ɗaya ya ga duka. Muka tsaya a kan gada muna kallon farin bangonsa, da jiragen masunta cunkushe a bakin ruwa, masu tutoci da rubutu a jikinsu. Shekara nawa ke nan, ban koma ba. Gadar igiya ta dajin Kakum ma na hana, na ce wa zai biya kuɗi don a tsorata shi.

Abinci na mayar da shi sau biyu. Da safe shinkafa da wake, wanda can suke kira waakye, sunan ma daga bakinmu suka ɗauka. Da dare dokunu, wato tuwon masara mai tsami, da soyayyen kifi da yaji. Ba wanda ya yi ƙorafi sosai, don abincin da daɗi. Inda na yi ɓarnar gaske shi ne kwana. Na lissafa na ga kuɗin ɗaki shi ke cin asusu, sai na kawo shawarar mu riƙa kwana a bakin ruwa, a rumfunan da masu sayar da kifi suke bari da dare. Na ƙawata musu abin, taurari, ƙarar igiyar ruwa, labarin da za mu ba jikoki. Dogon cikinmu ya ce to a sayi gidan sauro. Na ce iskar teku tana korar sauro.

Kuma fa ba ƙarya na yi ba gaba ɗaya. Inda iska ke kaɗawa sosai sauro ba ya iya zama. Amma rumfar da na zaɓa a Elmina tana kusa da tafkin Benya, bayan gine-gine, inda iska ba ta kaiwa, kuma a gaɓar nan akwai irin sauron zazzaɓi da ke ƙyanƙyashewa ko a ruwa mai gishiri-gishiri. Dare biyu muka yi a wurin. Da asuba ka ga fuskar kowa kamar an watsa masa gero. Muka yi dariya.

Zazzaɓin cizon sauro ba ya tashi washegari. Yana ɗaukar mako ɗaya zuwa biyu, wani lokaci fiye, yana ɓoye a hanta kafin ya fito cikin jini. Saboda haka muka ci gaba lafiya lau. Takoradi, Agona, Busua, Dixcove da tsohuwar ganuwarta a kan tudu. Ramin ya kusa cikewa, ina jin kaina gwani. A rana ta goma sha uku muna Akwidaa, ƙauyen masunta da ke kan hanyar Cape Three Points, can ƙarshen kudancin Gana, ƙaraminmu ya tashi da sanyi yana karkarwa cikin rana tsaka.

A nan ne nake so wanda zai yi mini hukunci ya ɗan sassauta. Dukkanmu da zazzaɓi muka girma. Wa ya taɓa ɗaukar hayar mota don zazzaɓi? Ina da klorokwin a jaka da na taho da shi, na ba shi, na haɗa masa da maganin ciwon kai, na ce zuwa gobe zai warware. Ban san klorokwin ya daɗe da daina kashe ƙwayar cutar a yankin ba, har hukumar ƙasar ta riga ta koma magungunan da ake haɗawa da atemisinin. Ba ni kaɗai ba ne ban sani ba a lokacin. Amma kuma, in zan faɗi gaskiya, da safe da Dogo ya ce mu nemi mota, ba ilimin magani na duba ba. Littafi na duba. Na ce a ƙara kwana ɗaya.

Daren nan aka kwana ana ruwa. Wajen ƙarfe biyu yaron ya fara kiran sunan mahaifiyarsa yana yi mata bayanin wani abu da ba mu gane ba. Ya yi amai har ba abin da ke fita. Da gari ya waye fitsarinsa ya koma kamar shayi ba madara. Hanyar ƙauyen ta ƙasa ce, ruwa ya mayar da ita kunu, motar haya ɗaya da ta saba shigowa ba ta shigo ba. Wani masunci, wanda ba ma jin yaren juna sai da hannu, shi ya je ya samo mana mai a-kori-kura. Direban ya faɗi kuɗinsa, Dogo ya ce in kawo asusu. Ya zazzage safar a kan tabarma, ya buɗe littafin, ya ƙirga, ya sake ƙirgawa. Bai ce komai ba. Ya cire agogonsa ya ɗora a kan kuɗin.

Kwana huɗu yaron ya yi a asibiti ana masa ƙarin ruwa da allurai. Likitan ya tambaye mu yaushe ya fara, da na faɗa masa sai ya ɗago ya dube ni, irin kallon direban tasin nan. Kuɗin da muka rage bai isa ba, kuma a lokacin ba a fara tura kuɗi ta waya a Gana ba, sai 2009 aka fara. Mutanen zango, unguwar Hausawa a garuruwan Gana, su ne suka fitar da mu kunya. Ni ne kuwa tun a Akra na ce ba za mu sauka a zango ba, teku muka zo gani ba Hausawa ba. Wani dattijo a Takoradi, bayan sallar Magariba, ya ji bayaninmu, ya ce, "Yarana, ku da kuke da gida a kowane gari, me ya kai ku kwana a rumfar kifi?" Aka yi mana karo-karo a masallaci.

A barandar asibitin na faɗa wa Dogo labarin sifilin. Ya daɗe shiru, sannan ya ce, "Da ka faɗa mana a Akra, dariya kawai za mu yi maka." Yaron ya warke, yau yana da 'ya'ya uku, kuma shi bai taɓa tayar da maganar ba. Ni da Dogo muna gaisawa a wurin biki da jana'iza. Axim ba mu kai ba.

Duk wannan na so in zayyana wa ɗan yayata, na kuma shirya masa shawarwari goma a kaina. Ina cikin labarin Elmina na ga ɗaya daga abokansa yana latsa waya a ƙarƙashin jaka, wani kuma ya tambaye ni ko akwai sabis a Akwidaa. Yaran yanzu, kana ba su labarin mutuwa suna tambayarka sabis. Sai goman suka tsere mini, abin da ya fito ke nan.

Kada ka riƙe kuɗin kowa. Kowa ya riƙe nasa, ku riƙa haɗa na mota da na ɗaki kullum da safe. Wanda ya riƙe asusu ya zama uban tafiya ba tare da an naɗa shi ba, kowace "a'a" daga bakinsa take fita, kuma ran da aka samu matsala fuskarsa za a duba. Ko da yake, da na dubi abokan nasa ɗaya bayan ɗaya, musamman mai tambayar sabis, sai na ce a'a, gara kai ɗin ka riƙe. Amma kowane dare ka zazzage shi a gaban kowa a ƙirga. In ka yi asara, ka faɗa kafin rana ta faɗi, su yi maka dariyarsu su gama.

Ku ware kuɗin da ba na tafiya ba ne, wanda zai ɗauki hayar mota da tsakar dare ya kuma biya asibiti, kowa ya ɗinke nasa a jikin wando. In cire shi ya sa tafiyar ta koma kwana takwas, ku yi takwas. Duk wanda jikinsa ya yi zafi, a ranar za a yi masa gwajin jini, yanzu abin minti ashirin ne da ɗigon jini a yatsa. Ba gobe ba. Bayan kun dawo gida ma, wata guda cur, zazzaɓi ya zo a gaya wa likita inda aka je. Ku yi allurar rigakafin cutar shawara tun da sauran kwana goma, don sai bayan kwana goma katin yake fara aiki, kuma ana tambayarsa a kan iyaka. Wannan shawarar dai dole ku karɓa ko ba ku karɓi tawa ba.

Teku kuma ba kogi ba ne. Tekun Gini yana da jan ruwa da ke kwashe ƙafar mutum ya yi ciki da shi, wanda ya iya iyo ma. Ku tambayi masunta inda ake shiga, in sun girgiza kai ku zauna a kan yashi. Ranar Talata yawancinsu ba sa fita kamun kifi, gyaran koma suke yi, ba jirgi ko ɗaya a kan ruwa da zai tsamo ku.

Na ce masa kada ya yi maƙo, ya shiga Elmina, ya hau gadar Kakum, ya biya ɗaki mai raga a taga. Minti biyu bayan nan na kama kaina ina yi masa faɗa a kan kuɗin da ya zuba a jakar goyon nan, alhali buhu ma zai ɗauki kayan. Ya ce, "Kawu, to wanne zan ɗauka, in kashe ko in tsimi?" Na ce ya daina yi mini wayo. Wani lokaci ina ji kamar in ce su fasa tafiyar baki ɗaya, su da ko taswira ba su iya karantawa sai waya ta yi musu magana. Amma ni da na iya karanta taswira ga inda na kai mutane. Kuma da za a mayar da ni kan gadar Elmina da hantsi, jirage na shigowa, mata na jira da manyan kwanoni, da na sake tafiya ko da rabin kuɗin ne.

Da za su tashi ya buɗe wayar ya ƙara layi ɗaya a lissafin. Na leƙa na ga ya rubuta gidan sauro, huɗu. Ya ɗago ya ce, "Kawu, wannan a asusu za a cire, ko kai za ka saya mana?"

Ni na saya. Sai da na yi ciniki har mai sayarwar ya ce in ɗauka in tafi don Allah.