Lahadi a bakin Isa

Yamai, watan Janairu.

Ɗari ya matsa yau. Bayan sallar asuba na ɗauki madubin hangen nesa da ɗan littafina, na tari taksi zuwa gindin gadar Kennedy, a bakin kogin Isa, wato kogin Neja. Hazo ya rufe ƙetare, da ƙyar ake hango Harobanda. Ruwa kuwa ya cika maƙil, alhali rabonmu da ɗigon ruwan sama tun ƙarshen damina. Baƙo kan yi mamakin wannan. Ruwan da ya sauka a duwatsun Gini ne, sai ya bazu a fadamun ƙasar Mali ya yi watanni yana jan ƙafa, sannan ya iso mana tsakiyar hunturu. Na damina ja ne, cike da laka. Wannan ya fi shi tsabta, kuma a hankali yake tafiya.

Belbelu na fara gani, suna tashi daga makwancinsu jere-jere ƙasa-ƙasa da ruwa. Zalɓe guda yana tsaye cikin ciyawa, ya noƙe wuya. Shirwa ba a maganarta, ko'ina akwai ta. Shamuwa ce babu, ta yi kudu, sai gab da damina.

Inda na daɗe shi ne bayan wani lambun salati da kabeji, wurin da ruwa ya bar 'yar taɓo wadda ba ta wuce faɗin tabarma biyu ba. Wata 'yar tsuntsuwa ce a wurin, bayanta ruwan ƙasa, cikinta fari fat, farin ya ɗan hauro gaban kafaɗa. Ba ta tsayawa cak. Ko ba tafiya take ba bindinta na sama da ƙasa. Ta yi taku uku, ta caki laka, ta sake yin gaba. Da wani yaro ya zo cika bokiti sai ta tashi dab da ruwa, fikafikai a sanƙare suna karkarwa, ta yi ƙara siririya ta koma bayan wani kwalekwale. Nauyinta bai fi giram 50 da 'yan kai ba. A Turai ko arewacin Asiya aka ƙyanƙyashe ta, kuma sai da ta ƙetare Sahara kafin ta zo nan. Na zauna kan wani dutse ina kallonta har ƙafata ta yi sanyi, raina cike da tausayinta da kuma girmama Wanda ya nuna mata hanya.

Mai lambun, wani dattijo da rawani har baki, ya ajiye butar ban ruwa ya ce, “Ɗana, me ka yar a cikin ruwan?”

Na ce, “Ba komai, Baba, tsuntsaye nake kallo.” Na miƙa masa madubin. Da farko bai ga komai ba, sai da na gyara masa. Can ya kama wani tsuntsu mai kamun kifi, baƙi da fari, yana tsaye a iska wuri guda yana kaɗa fikafikai, baki a ƙasa, kafin ya faɗo ruwa tsulum ya fito da ɗan kifi. Dattijon ya ce, “Ikon Allah! Kullum muna tare, ban taɓa ganin idonsa ba.” Ya gaya mini da can lambuna sun fi haka yawa a wannan gaɓa, kuma agwagin daji kan sauka da yawa har su rufe ruwa. Yau kirinjijiya kaɗan na ji suna fito, sun wuce sama ba su sauka ba.

Daga inda nake zaune idan na waiwaya, wani gari ne daban da wanda na tarar lokacin da na zo karatu. Gadar Kennedy, da aka buɗe a 1970, ita kaɗai ce mashigar ƙetare har 2011 da aka yi ta biyu, sannan ta Seyni Kountché a 2021. Taron Tarayyar Afirka na 2019 ya kawo manyan otal-otal da sababbin tituna. Ba na ƙin wannan, mutane sun samu aiki, kuma cunkoson gada ya ragu. Wanda ya ga ambaliyar 2020 ma ba zai ce kada a gina shingen tare ruwa ba. Abin da ke damuna shi ne duk mai gini yana son tagarsa ta kalli kogi, amma ba wanda ke lissafa taɓo da ciyawar baki a matsayin wani abu. Ana zuba musu baraguzai da leda, ko a shafe su da siminti. Nan ne kuwa abincin waɗannan baƙin tsuntsaye yake, kuma nan ƙananan kifi ke fakewa.

Wajen ƙarfe tara masu wanki suka cika gaɓa, bugun kaya ya kori sauran tsuntsayen. Na sayi salati wurin Baba, ya ƙara mini da albasa, ya hana ni biyan kuɗinta. Ya ce in ina son ganin tsuntsaye da gaske in tafi gonakin shinkafa na Kirkisoye da sassafe, kafin manoma su shiga. Na ce masa ranar Asabar, in Allah ya kai mu.