Na samu gurbin jirgi a Apapa, na rasa motocin kwashe kaya

Har yau, in wani ya ce mini "motoci suna nan a shirye", sai na ji gabana ya faɗi. Shekaru sun wuce, amma kalmar ba ta daina yi mini ɗaci ba.

A lokacin ina aiki da wani kamfanin dakon kaya a Legas. Aikina shi ne in tsaya a madadin mai kaya daga ranar da jirgin ruwa ya iso tashar Apapa har buhun ƙarshe ya hau mota. Daminar 2019 ce, ana cikin azumi, muka karɓi kwangilar wani jirgi mai ɗauke da tan 30,000 na sinadarin haɗa takin zamani, wanda za a kai wata masana'anta a Arewa. Kayan a zube suke cikin jirgi, ba a buhu ba. A bakin kwata, inda jirgi ke tsayawa a sauke kaya, ake ɗurawa a buhu, a ɗinke, a ɗora wa mota. Tirela ɗaya buhu 600 take ɗauka, tan 30 ke nan. Duk wanda ya iya lissafin firamare ya san lodin tirela 1,000 muke magana. Yarjejeniyar hayar jirgin ta ce a sauke tan 3,000 a rana, wato kwana 10, wato mota 100 kullum. Na san wannan lissafin sarai. Na ma rubuta shi a bangon ofis. Abin da ban tsaya na tambayi kaina ba shi ne: mota 100 ɗin nan, daga ina za su riƙa fitowa kowace safiya?

Jirgin ya iso ya jefa anga a wajen mashigar Legas, inda jirage ke jeruwa suna jiran layi. Kaftin ya aiko da takardar da ke cewa ya iso kuma a shirye yake, kuma bisa yarjejeniyarmu agogon kwana 10 ɗin ya fara bugawa daga nan, ko an samu gurbin tsayawa a bakin kwata ko ba a samu ba. Wannan ne ya hana ni barci. Alhajin da ke da kayan yana kira daga Kano bayan sahur, yana kira bayan tarawi. Ruwa ya fara sauka a wasu wuraren, manoma sun fara shuka, takin da bai isa kasuwa kafin a gama noman farko ba kuwa sai dai ya kwana a sito har baɗi. Ban ga laifinsa ba.

Kullum da safe ana zaman rabon gurbi a tasha. Ejan-ejan na jirage suna zuwa, kowa ya faɗi tsawon jirginsa, zurfin da ya nutse a ruwa, irin kayansa, da ko takardunsa sun kammala. Daga nan ake tsara wanda zai shigo da wanda zai fita, a ba shi matuƙin tasha da ƙananan jiragen da ke jan babban jirgi. Jirgin da ke gabanmu a layi takardunsa suka samu tangarɗa. Ejan ɗinmu ya fito waje ya kira ni, ya ce ga dama ta samu, in na tabbatar masa za mu iya kwashe kaya zai ce mun shirya, gobe a shigo da mu. Na ce ya ba ni minti biyar. Na kira mai motocin da muka yi yarjejeniya da shi.

"Alhaji, maganar motocin nan fa?"

"Malam, kwantar da hankalinka. Mota 120 gare ni a ƙasa."

Na kira ejan na ce ya ce mun shirya. Minti biyar ɗin ma ba su cika ba. Ranar har tsire na saya wa yaran ofis da shan ruwa, ina jin kaina wani gwarzo, na tsallake layi a Apapa.

Mutumin bai yi mini ƙarya gaba ɗaya ba, wannan ne abin haushin. Yana da mota 120 ɗin, in aka haɗa nasa da na abokansa. Amma ni na ji "120" na fassara shi "120 a rana". Motar da ta yi lodi a Apapa za ta Kano, ta bi Ibadan, Ilorin, Jebba, Mokwa, ta kai, ta jira a sauke ta, ta nemi lodin dawowa don babu direban da zai gangaro Kudu fayau, ba za ka sake ganin ta ba sai bayan kwana goma in an yi sa'a. Ashe mota 120 ɗin kaso ɗaya ne kawai cikin takwas na abin da nake buƙata, kuma da zarar sun tafi sun tafi ke nan. Sannan "a ƙasa" ɗin da ya ce, wasu suna Ogere a kan hanyar Ibadan, wasu suna wajen makanike, wasu suna ɗauke da kayan wani ba a sauke ba. A ƙarshen watan Mayun nan ne kuma fadar shugaban ƙasa ta ba da umarnin a kwashe tirelolin da suka mayar da gadoji da titunan shiga Apapa garejinsu. Umarnin daidai ne, duk wanda ya taɓa kwana a kan gadar Ijora ya sani. Amma ma'anarsa a wurina ita ce motocin da a da suke kwance kusa da ƙofa yanzu sun watse, kowace sai an nemo ta.

Ranar farko mun loda mota 71. Na ce ba laifi, farko ne. Rana ta biyu 40 da 'yan kai. Rana ta uku 12. Na tsaya a bakin kwata ina kallon ƙugiya ta ɗebo kaya ta tsaya cak a sama, injin ɗura buhu a kashe, leburori zaune a inuwar kwantena suna hira, jirgi mai tsawon kusan filin ƙwallo biyu yana jiran tirela ɗaya da ta maƙale a Mil 2, kan hanyar shiga Apapa, tun asuba. Sai ga sallah ta ƙarato. Direbobinmu yawanci 'yan gida ne, wanda ya samu lodi ya yi Arewa ba shi da niyyar juyowa sai an gama yawon sallah, kuma wa zai ce masa don me?

Tun kafin jirgin ya iso wani abokin aikina, Bayarabe, wanda ya girme ni a harkar, ya ba ni shawarar mu kama hayar sito a cikin Apapa. A zuba kaya a can da 'yan motoci kaɗan masu kai-komo dare da rana, jirgi ya tafi abinsa, daga baya a riƙa lodin Arewa a tsanake. Na ƙi. Na ce ɗauka biyu ke nan, kuɗin lebura biyu, kuɗin sito, ga buhunan da za su fashe. Na yi lissafin abin da zan rage wa kamfani har na rubuta wa manaja a takarda, da alfahari. Takardar nan tana nan a fayil, na san akwai wanda ya sake karanta ta daga baya. Garin neman gira na rasa ido.

Kwanakin da aka ba mu suka ƙare muna da kaya fiye da tan 24,000 a cikin jirgi. Daga nan dimarej ya fara, tarar da mai jirgi ke karɓa a kan kowace ranar da ka riƙe masa jirgi bayan wa'adi, da dala, dubu goma sha wani abu a rana, lokacin dala tana wajen naira 360. A nan na ci karo da abu na biyu da ban sani ba, ko in ce na karanta ban fahimta ba. Taki ba ya shiri da ruwa, da hadari ya taso kaftin zai sa a rufe murafen jirgi. Yuni kuwa a Legas sai a wuni ana tsuga ruwa. Ni a zatona duk awowin ruwan sama ana cire su daga lissafi, haka Lahadi da ranakun hutu. Ana cirewa, amma kafin wa'adinka ya cika. Da zarar ka faɗa dimarej, babu ruwan mai jirgi da ruwan sama, babu ruwansa da Lahadi, babu ruwansa da sallah. Agogo ba ya sake tsayawa. Ejan ne ya faɗa mini haka a tsaye a kan matakalar jirgi, yana mamakin wai ban sani ba. Ban ce masa komai ba. Na sauko na zauna a mota na daɗe ban tayar da ita ba.

Masu kula da gurbin suka ba mu gargaɗi, suka sake ba mu. Ba zan zarge su ba. Gurbi ɗaya ne, jirage na jere a teku, kowanne da mai kayan da ke kiran wani kamar ni bayan sahur. Jirgin da ba ya sauke kaya ba shi da hujjar toshe wa wasu wuri. A rana ta takwas da shigarmu gurbi aka ce mu fita. Matuƙin tasha ya hau, jiragen ja suka kama, aka mayar da jirgin inda ya fito, kuma kuɗin fitar da na sake shigowa duk a wuyanmu. Jirgin da na tsallake ina murna, shi aka shigo da shi a gurbin. Na gan shi yana wucewa.

Kiran da na yi wa Alhaji mai kaya daren nan shi ne mafi nauyi a rayuwar aikina. Na ce, "Ranka ya daɗe, an fitar da jirgin." Ya yi shiru har na duba wayar ko ta katse. Sai ya ce, "Ba kai ka ce mini an shirya ba?" Bai ɗaga murya ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Kwana tara jirgin ya yi a waje. A cikinsu na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Na koma wurin abokin nan nawa na ce ya kai ni wurin masu siton, kuma Allah Ya saka masa, bai ce "ai na gaya maka" ba ko sau ɗaya. Farashin ya ƙaru, don masu sito sun ji labari, a Apapa ba a ɓoye irin wannan. Na nemo mota 35, tsofaffi waɗanda ba sa iya doguwar tafiya, na je na gan su da idona ɗaya bayan ɗaya, na rubuta lambobinsu, na karɓi lambar wayar kowane direba da ta yaron motarsa. Da aka sake ba mu gurbi, motocin nan suna yin sawu uku-uku, galibi da dare lokacin da hanya ta ɗan saki. Kwana tara muka share jirgin tas. Mota 35 suka yi abin da 120 suka kasa. Da aka zo lissafi, dimarej ya kama kwana 19 da 'yan awowi. Kuɗin siton da na ƙi biya da farko bai kai tarar kwana uku ba.

Akwai wani dattijo mai shayi kusa da inda direbobi ke kwana, tsohon direba ne, ya ce tun yana yaron mota yake shiga Apapa. Da ya ji abin da ya same ni sai ya yi dariya ya ce jirgi ɗaya ne ya sa na rame haka? Shi ya ga shekarar siminti. A 1975 ke nan, lokacin da gwamnati ta yi odar siminti wajen tan miliyan 20 alhali tashar ba ta iya sauke abin da ya wuce kusan tan miliyan ɗaya a shekara. Jirage sama da 400 suka taru a bakin Legas, wasu suka yi wata da watanni suna cin dimarej, siminti ya daskare a cikin wasunsu. Bayan wannan ne aka gina tashar Tinkan, aka buɗe ta a 1977. Ya ce da dare in ka kalli teku sai ka ce wani gari ne aka kafa a kan ruwa. Na sha shayin ina tunanin cewa ko ba komai waɗancan ma lissafin da na kasa yi shi suka kasa, sai dai nasu da sifiri da yawa.

Abubuwa sun canja tun daga lokacin. A Fabrairun 2021 hukumar tashoshin jiragen ruwa ta fara tsarin Eto, inda mota ba ta nufar tasha sai an kira ta ta waya daga wurin da aka tanadar mata. Tashar Lekki mai zurfi ta fara aiki a 2023, ga tashoshin tudu a Kaduna da Kano, ga layin dogo ya shiga har cikin Apapa. Duk sun rage wani abu. Amma wanda ya ɗauka Eto zai haifar masa da motar da ba shi da ita, yana nan inda nake a 2019. Ni abin da na gani da idona, yawancin jiragen da ke jibge a teku ba ruwa ne ya tsare su ba, wani ne a tudu bai shirya ba, ya je zaman safe ya ce ya shirya.

Yanzu in ejan ya kira ni ya ce ga gurbi, ba na ba shi amsa a waya ɗaya. Ina tambayar mai motoci sawu nawa, ba mota nawa ba. Ina tura yaro a kan babur ya ƙirgo su, ya ɗauko hoton lambobinsu. Ina ajiye nawa littafin na awowin ruwan sama, ƙarfe nawa aka rufe murfi, ƙarfe nawa aka buɗe, don ranar lissafi abin da aka sa wa hannu shi ne magana. Sau biyu tun daga nan na ce a bar na bayanmu ya shiga, mu jira kwana biyu a waje, kuma duka biyun sai da manaja ya kira ni yana faɗa.

Mai motocin nan har yanzu muna gaisawa a masallacin Juma'a. Bara ya tare ni ya ce yana da sababbin motoci 60 in akwai aiki. Na ce masa, "Alhaji, suna ina yanzu haka?" Ya ce suna nan a ƙasa. Na ce to mu je in gaishe su.