Wasiƙa daga Masacusets: yogar da ke koya wa mutum tausayin kansa

Assalamu alaikum, 'yan uwa na gida.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, ku da iyali. Na daɗe ina son in ba ku labarin wata cibiyar koyar da yoga (salon miƙa jiki da sarrafa numfashi) mai suna Kripalu, da ke ƙaramin garin Stockbridge a yammacin jihar Masacusets, nan Amurka. Na san da jin kalmar yoga wasunku za su ɗaure fuska, wasu kuma su tuno hotunan Turawa suna lanƙwasa jiki. Ku saurare ni tukuna.

An sa wa wurin sunan wani malami ɗan jihar Gujarat ta Indiya, Swami Kripalvananda, wanda aka haifa a 1913, mutumin da ya yi shekara 12 bai buɗe baki ya yi magana ba. Almajirinsa Amrit Desai ne ya zo Amurka karatu a 1960, ya kafa ƙungiyar yoga a jihar Pennsylvania a 1966. Malamin ya biyo shi a 1977, ya zauna shekara 4, ya koma gida ya rasu a 1981. A 1983 mabiyan suka tare a ginin da suke ciki yau, wanda a da makarantar horar da limaman Katolika ce.

Jigon koyarwarsu shi ne mutum ya kalli kansa ba tare da ya yanke wa kansa hukunci ba. A faɗa abu ne mai sauƙi. Amma a ce ka durƙusa rabi, ka tsaya a haka har cinyoyinka suka fara rawa. Nan take wata murya za ta taso daga ciki: kai rago ne, dubi na kusa da kai ko gezau bai yi ba. Malamin ajin ba zai ce ka cije ba, ba kuma zai ce ka miƙe ba. Cewa zai yi ka ja numfashi, ka saki kafaɗa da muƙamuƙi, ka ji abin da jikin yake ji, ka lura da shi, sannan ka bar shi ya kasance yadda yake. Ita ma muryar zagin a lura da ita, kada a bi ta, kada a yi kokawa da ita. Daga nan sai ka gane ko zafin na aiki ne da za ka iya ɗauka, ko kuwa gwiwa ce take gargaɗinka ka dakata. Shi ya sa a aji ɗaya za ka ga saurayi da tsohuwa mai ciwon baya, kowa yana yin gwargwadon jikinsa, ba wanda ake auna shi da wani.

Abin da ya sa wannan ya taɓa ni shi ne halin da nake ganin 'yan uwanmu a nan. Da yawa aikin jinya suke yi, ko tuƙi, dare da rana, ana jiran aike daga gida. Baya na ciwo, barci ya ƙaurace, amma ka tambayi mutum sai ya ce lafiya lau. An tashe mu a kan dauriya, kuma ina alfahari da ita. Sai dai sau da yawa mukan haɗa haƙuri da ƙin duba abin da ke damunmu, mu ɗauka duk ɗaya ne.

Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Me ya sa muke taka namu? A ganina don kallonsa yana da ciwo, tunda duk sanda muka leƙa shi da bulala muke zuwa. Wanda ya san duka ne ke jiransa ba zai koma ya duba ba. Wanda ya iya cewa, i, na yi fushi, na yi hassada, na gaji, ba tare da ya tsine wa kansa ba, shi ne ke da ƙarfin halin gyarawa. Kuma na lura mai tsananta wa kansa ba kasafai yake sassauta wa matarsa da 'ya'yansa ba.

Wani zai ce ai wannan ba wa kai uzuri ne. Tarihin wurin ya amsa wannan. A 1994 asiri ya tonu cewa Desai, wanda ke umartar almajiransa marasa aure da kame kai, yana mu'amalar ɓoye da wasu mata daga cikinsu. Jama'ar ba su rufa masa asiri da sunan tausayi ba, sai da ya sauka. Mutanen da suka ba da shekarunsu ga wurin sun ji jiki ƙwarai, amma cibiyar ta ci gaba, kuma tun daga nan ba ta sake ɗora wani mutum ɗaya a matsayin jagoran da ba a musa masa ba.

Saura batun addini, kuma ba zan yi muku kwana-kwana ba. Tushen yoga a addinin Hindu yake, kuma a wasu azuzuwan ana rera kalmomin ibadarsu. Majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yoga a 2008. Ta malaman Indonesiya, a 2009, ta haramta wadda ke ɗauke da ibadar Hindu, ta ƙyale wadda motsa jiki ce zalla. Ni numfashin da miƙa jikin nake ɗauka, rerawar kuwa na bar musu. Muna da muhasaba tamu, wato yi wa kai hisabi, wadda mai yin ta yake tsaye gaban Ubangijinsa, kuma ban ce abu ɗaya ba ne da nasu. Duk wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya tambayi malaminsa kafin ya fara.

A gaida kowa da kowa. Wassalam.

Ɗan uwanku,
daga Masacusets