Wayoyin Babur: Yadda Na Sayi CDI Biyu Alhali Nawa Lafiyarsa Ƙalau

A daminar bara babur ɗina ya ɓullo da wata ɗabi'a mai ban haushi. Yana cikin tafiya lafiya lau, amma da zarar na faɗa rami ko na karya kansa zuwa hagu sosai, sai ya mutu ɗif kamar an murɗa makulli. Wani lokaci bugu ɗaya zan yi masa ya tashi, wani lokaci kuma sai na tura shi har gida ina gumi. Bakaniken da na fara kai wa ya sauya filogi, bayan kwana biyu matsalar ta dawo, ya sauya kwayil, ta sake dawowa, ya ce ai CDI ne, wato ɗan akwatin da ke sarrafa wutar filogi. Da wannan ma bai yi magani ba sai ya ce wanda muka saya jabu ne, muka sake sayen wani. Duk kayan da aka cire ina tara su a cikin leda, kuma tun a lokacin zuciyata ba ta kwanta da cewa duka sun lalace a cikin wata guda ba.

Wani maƙwabcina ne ya tura ni wurin wani dattijo mai gyaran wayarin, wato haɗin wayoyin wutar babur. Bai ce in sayo komai ba. Ya cire tanki da marfin fitilar gaba, ya bi wayoyin da yatsa, sannan ya ɗago ya ce, "Malam, wa ya sa maka wannan ƙararrawar?" Na ce, "Baba, tun shekara biyu da suka wuce aka sa ta, saboda ɓarayi." Ya nuna mini inda aka fere wata baƙar waya mai ratsin fari aka murɗa wayar ƙararrawar a kanta da hannu, aka naɗe da salatif. Zafi da ruwa sun sa salatif ɗin ya warware, tagullar ta fito fili daidai wuyan babur, inda take gogar ƙarfe duk lokacin da kan ya juya. Cikin kwata na awa ya cire ƙararrawar, ya gyara wayar, kuma daga ranar babur bai sake mutuwa a hanya ba.

Abin da ya sa waya guda ta iya kashe inji gaba ɗaya sai an fahimci yadda aka tsara wutar waɗannan babura kafin a gane shi. Injin nawa irin na CG125 ne, wanda kamfanin Honda na Japan ya fitar a 1975 domin ƙasashen da ake wahalar da babur kuma ba a cika kula da shi a kan lokaci ba, daga baya kamfanonin China da dama suka kwaikwaye shi. Duk da curin wayoyin da mutum zai gani a cikin marfin fitila har ya tsorata, ayyuka uku ne kawai suke yi: ba filogi wuta, cajin batir, da kai wuta ga fitilu da hon da sigina. Wanda ya iya raba waɗannan ukun a kansa ya riga ya rage rabin wahalar nema, domin idan filogi ba ya kawo wuta babu dalilin taɓa wayar sigina.

Ɓangaren filogi shi ne ya fi sauƙi, kuma shi ne aka fi yi wa mutane asara a kansa. A ƙarƙashin marfin hagu na inji akwai magineto, wato faifai mai maganaɗisu da ke juyawa a kewayen naɗaɗɗun wayoyin tagulla. Ɗaya daga cikin naɗin yana aika wuta zuwa CDI, wani ƙaramin naɗi kuma yana sanar da shi daidai lokacin da fistin ya kusa kaiwa sama. CDI yana tara wutar, ya sake ta a lokaci guda zuwa kwayil, shi kuma kwayil ya ninka ta zuwa dubban bolt har ta tsallaka ratar bakin filogi, wadda a irin wannan inji take tsakanin milimita 0.6 da 0.7. A tsarin launukan Honda wayoyi biyar ne ke shiga CDI ɗin: baƙa mai ratsin ja daga magineto, shuɗiya mai ratsin rawaya daga ƙaramin naɗin, baƙa mai ratsin rawaya zuwa kwayil, koriya da ke haɗe da ƙarfen jikin babur, sai baƙa mai ratsin fari wadda ita ce ta kashewa. A nan ne abin mamakin yake, domin makulli ba ya ba wannan CDI wuta ko kaɗan. Abin da yake yi idan an kashe shi shi ne ya haɗa baƙar wayar nan mai ratsin fari da ƙarfen jiki, wutar ta zurare can, filogi ya rasa. Saboda haka duk inda wayar ta goge ta taɓa ƙarfe, a wurin inji daidai yake da an kashe makulli, kuma abin da ya same ni ke nan.

Gwajin da zai tona wannan ba ya cin ko sisi. A zare wayar kashewar daga CDI, a cire filogi a jingina jikinsa da ƙarfen inji, a buga kik a duba bakinsa. Idan wuta ta dawo, laifin yana wurin makulli ko maɓallin kashewa ko ita kanta wayar, CDI da kwayil ba su da laifi. Wannan tsari ne kuma ya sa irin wannan babur yake tashi da kik ko babu batir a jikinsa. Sai dai a lura cewa akwai wani nau'in CDI da ke shan wutarsa daga batir, wanda ake samu a wasu sababbin babura, kuma ba a musanya ɗaya da ɗaya ko da bakin soket ɗinsu ya yi kama.

Maganar launi tana buƙatar hattara. Abin da na lissafa tsarin Honda ne da waɗanda suka bi sahunsa, kuma ko su ba kullum suke bin sa sau da ƙafa ba. A wurin Yamaha baƙar waya ce ke zuwa ƙarfen jiki, a wurin Suzuki baƙa mai ratsin fari, a wurin Kawasaki kuwa baƙa mai ratsin rawaya. Ke nan launin da yake na kashe inji ko na kwayil a wani babur, a wani kuma na ƙarfen jiki ne, kuma yaron shago da ya haddace tsari ɗaya yana iya ƙona kaya idan ya ɗauka duka ɗaya ne.

Ɓangaren caji kuwa lambobi kaɗan ne ke warware shi, matuƙar akwai ƙaramar mitar awon wuta. Batir mai bolt 12 da ya cika, idan ya huta, yakan nuna kimanin 12.6, idan kuma ya sauka zuwa 12.0 to ya yi ƙasa sosai. Idan aka tayar da inji aka ɗan murɗa totur, ya kamata awon ya hau tsakanin 13.5 da 14.5. In bai motsa daga inda yake ba, caji ba ya zuwa, sai a duba soket da rektifaya, wato na'urar da ke daidaita wutar da ke zuwa batir, da naɗin magineto, a jere daga mai arha zuwa mai tsada. In ya haura 15, rektifaya ta daina daidaita wuta, ita ce ke ƙona ƙwayayen fitila tana busar da ruwan batir, kuma sabon batir ba zai daɗe a hannunta ba.

Akwai wata al'ada da nake ganin ya kamata a daina, wato maye gurbin fis da ya ƙone da zaren tagulla ko takardar kwalin taba. Fis ɗin waɗannan babura yawanci mai amfiya 10 ne ko 15, alhali ƙwan fitilar gaba mai wat 35 kusan amfiya 3 kawai yake ja, don haka fis ba ya ƙonewa haka siddan, yawanci sai wata waya ta taɓa ƙarfe a wani wuri. Idan aka ɗaure shi da tagulla ba a kawar da laifin ba, an dai mayar da wayarin ɗin gaba ɗaya ya zama fis, kuma wayarin yana bi ne ta ƙarƙashin tankin fetur.

Yawancin abin da muke kira lalacewar wuta a mahaɗa yake. Ƙurar hunturu tana shiga soket, ruwan damina ya biyo baya, tagulla ta yi kore, wuta ta riƙa wucewa da ƙyar. Wurin da aka fi mantawa shi ne inda koriyar waya ke ɗaure da noti a jikin ƙarfe, domin idan tsatsa ta ci wurin sai abubuwa marasa kan gado su fara faruwa: a taka birki fitilar gaba ta dusashe, a kunna sigina fitilar baya ta riƙa ƙyaftawa tare da ita. Maganinsa a kwance notin, a kankare wurin har ƙarfe ya yi haske, a ɗaure tamau, a shafa ɗan giris. Idan kuma dole sai an haɗa waya biyu, a yi da dalma ko da ƙarfen matsewa, a rufe da robar nan da ke tsukewa idan ta ji zafi, sannan a bar wa wayoyin wuya isasshen sako-sako yadda juya kai ba zai riƙa jan su ba.

Ba na cikin masu cewa a tsige wayarin duka a bar na filogi kaɗai, kamar yadda ake yi wa wasu baburan ƙauye masu ɗaukar buhuna, domin fitilar birki da sigina suna ceton rai a titi, musamman da dare. Abin da nake adawa da shi shi ne ƙarin da ake yi ba tare da lissafi ba: fitilu masu walƙiya, lasifika, hon na mota, cajar waya, kowanne an fere wata waya an liƙa shi. Magineton ƙaramin babur wutarsa a ƙididdige take, an yi ta daidai kayan da ya zo da su da ɗan rara kaɗan. Wanda ya matsu da cajar waya, kuma ni ma ina cikinsu, ya ɗauko wutarta daga wayar da ke samun wuta bayan an kunna makulli, wadda a tsarin Honda ita ce baƙa zalla, ya sa mata nata ƙaramin fis, don kada ta riƙa zuƙe batir babur na ajiye.

A ranar da dattijon ya gama aikin, na roƙe shi ya gwada kayan da ke cikin ledata. Ya mayar da su ɗaya bayan ɗaya yana buga kik, tsohon filogi da tsohon kwayil da CDI na asali da wanda aka ce jabu ne, kowanne ya kawo wuta shuɗiya mai ƙarfi. Na asalin ne yake jikin babur ɗin yanzu. Ɗaya daga cikin sababbin yana ƙarƙashin kujera tare da fis biyu da filogi guda, ɗayan kuma na ba maƙwabcin da ya nuna mini hanyar shagon, maimakon ƙararrawa kuwa na sayi sarƙa da kwaɗo.