Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Mai Gyaran Waya

Assalamu alaikum jama'a, makon jiya na tsaya a inda samarina suka zama biyu, to yau ga yadda ta kaya.

Na farkon kun san shi, fari dogo, kullum cikin shadda, in ya yi sallama a ƙofar gidanmu a unguwar Jahun cikin garin Bauchi turarensa sai ya riga shi shiga zaure. Na biyun mai gyaran waya ne a kasuwar Wunti, baƙi ne gajere, kuma shan inna ya taɓa masa ƙafar hagu tun yana yaro, yana ɗan janta in yana tafiya. Ƙannena in ya zo sai su leƙo ta katanga suna ƙunshe dariya, ni kuma in ji kamar in make su.

Sai aka shiga farkon 2023, bayan da aka canja fasalin naira ɗari biyu da ɗari biyar da dubu ɗaya kuɗi suka ɓace a gari, wanda ya ga wannan wahalar ba sai an ba shi labari ba. Innarmu masa take soyawa, kun san Bauchi da masa, amma ciniki ya tsaya cak, kowa ya ci sai ya ce zai yi taransifa, wani alat ɗin ya shigo wani har yau muna jira. Masu POS kuwa sai ka sayi kuɗinka da kuɗinka. Mai shadda da na kai masa kuka cewa ya yi "Allah ya kawo sauƙi", ya cinye masa faranti guda da miyar taushe ya kama gabansa.

Shi kuwa wancan bawan Allah littafin makaranta ya zo da shi da biro, ya zauna kan tabarma gefen murhu hayaƙi na shiga masa ido, yana tambaya, "Inna mudun shinkafa masa nawa yake ba ki? Man gyaɗa fa? Itace fa?" Yana rubutawa tana faɗa, ashe da kuɗin cire kuɗi da bashin da ba a biya, Inna uwar kuɗinta take ci ba ta sani ba. Ya nuna mata kada ta ƙara yarda da saƙon alat sai ta duba abin da ke asusunta, sannan ya je kasuwar Muda Lawal da kansa da wannan ƙafar ya samo mai shinkafar da zai karɓi taransifa. Ko sisi bai karɓa ba, masar ma sai da ya biya.

Goggo dai ba ta sauka daga ƙin mai gyaran wayar ba. Ranar nan a gabansa wallahi, ba kara, ta ce "to 'ya'yan fa, haka za su fito?" Na so ƙasa ta tsage in shige. Bai ɗaga kai ba ya ce, "Goggo ai ba gado ba ne, ƙwayar cuta ce, ɗigon rigakafi ne ban samu ba ina ƙarami, kuma tun 2020 aka tabbatar irin wadda ta kama ni ta ƙare a Najeriya." Goggo ta gyara mayafi ta ce ita fa tambaya kawai ta yi.

Ashe Baba na ɗaki yana jin komai. Bayan isha'i ya aiko a kira ni, ya ce in faɗa wa yaron yana son ganinsa ranar Juma'a, shi kaɗai. Abin da suka tattauna sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.