Abin da ɗaliban jami'a ke koya a bakin ramin tassa

Mu a nan Tahoua, in muka fita da ɗalibai aikin hidimar al'umma, gyaran faƙo muke kai su, domin shi ne ciwon kan manomin Adar. Ba gayya ba ce kawai. Aikin yana cikin darasi, ana ba shi maki, kuma kowane rukuni na mutum biyar ko shida yana da manomi guda da zai yi aiki da shi tun daga rani har kaka.

Kafin a taɓa diga sai mun zauna da mai gari da mai gonar, an tabbatar ko ta wane ce, gado ce ko aro. Wannan ba ɓata lokaci ba ne: faƙon da ba wanda ya kula da shi, ranar da ya fara ba da hatsi masu shi sukan yi yawa. A zaman nan ne kuma ake faɗa a fili cewa babu kuɗin aiki, don ƙauyuka da dama sun saba da ayyukan da ake biya, tun zamanin aikin gyaran ƙasa na Keita da ya soma a 1984.

Sai awo. Tiyo mai nuna ruwan cikinsa da sanda biyu masu alama sun isa a gano inda ƙasa take daidai, a ja layi. Rabin wata na noma, wato rami mai siffar rabin da'ira da ke tare ruwan sama, faɗinsa mita 4 ne, kimanin 313 a hekta guda, bakinsa yana fuskantar tudu, ƙasar da aka tono kuma a tara ta ta wajen gangare a daddaɓe. Na layi na biyu su faɗa tsakanin na farko, don ruwan da ya kuɓuce wa ɗaya ya shiga wani. Tassa kuwa ƙaramin ramin shuka ce: faɗi santimita 20 zuwa 30, zurfi 15 zuwa 20, tazara kusan mita ɗaya, a zuba taki hannu ɗaya ko biyu.

A nan ne ɗalibi ke gane bambancin allo da gona. A takarda kowa ya iya. A fili kuwa, iska kaɗan ta maƙale cikin tiyo, layin ya karkace, ruwan farko ya taru gefe guda ya fasa kunyar. Wasu su zuba ɗanyen taki ana gab da shuka, tsiro ya ƙone. Takin ana so ya shiga rami tun Afrilu ko farkon Mayu, gara ta samu lokacin cinsa, ta huda ƙasar, ruwa ya samu hanyar sauka. Na ga ɗalibi ya tsaya yana karanto wannan daga littafinsa da Faransanci, wani dattijo ya tsuguna ya kankare bakin ramin bara da yatsa, ya nuna masa ƙofofin gara. "Ɗana, ga ma'aikatan nan," in ji shi. Yaron ya ce, "Baba, ƙara nuna mini," ya rufe littafin. Mutanen Illela da Badagishiri suna wannan aiki tun ƙarshen shekarun 1980, ba su jira mu ba.

A ganina babban tasirin ba a hannu yake ba, a baki yake. Wanda ya yi shekara goma sha yana karatu da Faransanci, in aka ce ya bayyana wa mata masu ɗaukar taki dalilin sa ramukan layi na biyu tsakanin na farko da Hausa, nan take ake sanin ko ya fahimta ko hadda ya yi. Shi ya sa muke sa kowane rukuni ya yi bayani sau biyu, ɗaya a gaban malamai, ɗaya a ƙofar mai gari, kuma makin da manomin ya bayar yana cikin lissafi.

Abin da ya fi ba mu wahala shi ne lokaci. Tono na Maris zuwa Mayu ne, tsakiyar zafi, wani sa'in ga azumi, ga jarrabawa ta matso. Aiki daga ƙarfe 6 zuwa 10 na safe, bayan haka wahala ce kawai. Ruwan sha da kuɗin mota a tanade su tun kafin a sa rana. Ɗalibin da ke jiran kuɗin tallafin karatu ba zai biya daga aljihunsa ba.

Sannan dole a koma a watan Agusta, ko da hutu ake. Rukunin da bai koma ba ramuka kawai ya tona. Wanda ya koma zai ƙirga kunya nawa ta tsaya, nawa ta fashe, ya auna tsayin hatsin cikin rami da na gefen da ba a taɓa ba, ya tambayi mai gonar abin da zai sauya baɗi. Rahoton ƙarshe ba ma karɓarsa sai da waɗannan alƙaluma, kuma kwafi ɗaya da Hausa yana zuwa hannun mai gari.